Wanda aka tarar a wurin ɓarna

A ƙarshen 2023 ina karatu a wata jami'a kusa da Filadelfiya, da yamma kuma ina zuwa aiki a wani ƙaramin kamfani da ke tattara bayanan wasan ƙwallon Amurka, wannan da ake yi da hular kwano da ƙwallo mai siffar ƙwai. Aikina shi ne in zauna gaban kwamfuta in kalli bidiyon wasa karo bayan karo, in rubuta wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure. Ɓangaren da aka ba ni shi ne na masu tsaron gida, musamman waɗanda ake kira layinbaka.

Ga wanda bai saba da wasan ba, 'yan tsaro goma sha ɗaya ne. Akwai ƙarti a layin gaba, yawanci huɗu, masu gwabzawa da masu tare hanya na abokan hamayya. Akwai masu sauri a can baya da ke bin waɗanda ake jefa wa ƙwallo. A tsakanin waɗannan biyun, kimanin yadi huɗu ko biyar bayan layi, layinbaka biyu ko uku suke tsayawa. Idan an ruga da ƙwallo, su ne za su toshe kafar da aka buɗe. Idan an jefa, su ja da baya su rufe tsakiyar fili. Ni da na tashi ina kallon ƙwallon ƙafa a gidan kallo a Kano, sai na ɗauke su kamar mai lamba shida, wanda idan yana aikinsa ba a cika ambaton sunansa ba, ran da tsakiya ta ɓalle kuwa kowa shi zai nuna da yatsa.

A wannan shekarar kowa a garin yatsansa na kan layinbakan Eagles, ƙungiyar Filadelfiya. Ƙungiyar ta fara kakar da nasara 10 cikin wasanni 11, sai ga San Francisco 49ers sun zo har gida ranar 3 ga Disamba sun lallasa ta da maki 42 da 19. Sau shida a jere suna karɓar ƙwallo suna kai ta har gidan ƙarshe, inda ake cin maki. Deebo Samuel shi kaɗai ya shiga sau uku, kuma a ɗaya daga ciki ya kama ƙwallo a tsakiyar fili, ya fizge daga hannun layinbaka, ya wuce abinsa. Mako guda bayan nan Dallas ta ƙara musu da 33 da 13. Duk gidan rediyon wasanni da ka murɗo, zance ɗaya ne: ba su da layinbaka.

Ni ma da wannan zancen na shiga ofis. Na zauna da bidiyon wasan San Francisco, na cika takardata da jan alƙalami, duk inda aka ci yadi a tsakiya na rubuta lambar layinbakan da ya fi kusa da wurin. Na gama da wuri, har ina jin daɗin saurina.

Maigidana a wurin wani dattijo ne da ya shafe shekaru yana koyar da wasan a makarantun sakandare kafin ya yi ritaya. Ba ya ɗaga murya. Ya karɓi takardar, ya duba layi uku ko huɗu, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce in buɗe wani karo da na sa wa jan alƙalami, amma da kyamarar sama, wadda ke nuna dukkan 'yan wasa 22 a lokaci guda. Hoton talabijin ƙwallo yake bi, don haka rabin abin da ke faruwa a fili ba ya shiga ciki.

Ya ce, “Ɗana, kafin a ɗaga ƙwallon nan, wace kafa ce tasa?”

Na yi shiru. Ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba.

Ya sa bakin biro a kan gilashin kwamfutar yana ƙirga kafofin da ke tsakanin masu tare hanya, ɗaya bayan ɗaya, yana haɗa kowace da ɗan tsaron da ya kamata ya toshe ta. Da ya zo kan wanda na zarga, sai ga shi yana tsaye daram a tasa kafar. Wanda ya bar tasa wani ƙato ne a layin gaba, da ya zaɓi ya zagaya ta waje maimakon ya tsaya inda aka sa shi. Mai gudu da ƙwallo ya ga ƙofa a buɗe ya faɗa. Layinbakan ya baro wurinsa a guje don ya rufa asiri, ya iso a makare, ya miƙa hannu ɗaya, aka wuce shi. A hoton talabijin shi kaɗai za ka gani kwance a ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa duk yinin ranar ban duba bangon ba ko sau ɗaya.

Daga nan ya sa na sake aikin daga farko, da sharaɗi guda: kada in rubuta lambar kowa sai na fara rubuta abin da aka sa shi yi a wannan karon. Aikin da na yi cikin awa biyu sai ya cinye mini kwana biyu. Nakan tsayar da bidiyon kafin a ɗaga ƙwallo in duba inda masu tsaron baya suka tsaya, don daga tsayuwarsu ake gane ko kowa mutum aka ba shi ya bi, ko kuwa yanki aka ba shi ya tsare. Sannan in kalli takun farko na layinbakan, sau biyar, sau shida. Takun farkon nan shi ne asirin aikin. Akwai dabarar da mai jefa ƙwallo ke yi kamar ya miƙa wa mai gudu, alhali tana hannunsa. Layinbakan da ya yarda da wannan yaudara ya yi taku biyu gaba, to ya bar fili a bayansa, kuma nan ɗin za a jefa. Ƙungiyar San Francisco a ƙarƙashin Kyle Shanahan ta ƙware a wannan. Suna motsa 'yan wasa kafin a ɗaga ƙwallo don idon layinbaka ya bi wani abu dabam, kuma daƙiƙa ɗaya ta ishe su.

A nan ne kuma na daina girmama adadin kamu, wato sau nawa ɗan wasa ya kayar da mai ɗauke da ƙwallo. Da can idan na ga an rubuta wa mutum kamu goma sha biyu sai in ce ya yi wasa. Amma kamun da aka yi bayan an riga an ci yadi tara, da wanda aka yi a kan layi ba a ci komai ba, duk ɗaya ake rubuta su. Ƙungiyar da tsaronta ya lalace ma ta fi daɗewa a fili, don haka 'yan wasanta sun fi samun damar tara kamu. Sau da yawa kuma kyakkyawan kamu ba aikin wanda ya yi shi ba ne shi kaɗai. Wani ƙato ne a gaba ya riƙe masu tare hanya biyu, ya sha matsa, layinbaka ya samu hanya fes ya je ya kayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da na fahimci wannan sai na zarce gona da iri. Na koma mai kare layinbaka a kowane zance. Ina da hujjoji kuwa, kuma na gaskiya ne. Bayan kakar 2022 da ta kai su wasan ƙarshe na Super Bowl, Eagles sun rabu da layinbakansu biyu na farko, T.J. Edwards ya tafi Chicago, Kyzir White ya tafi Arizona. Masu tsaron baya biyu, C.J. Gardner-Johnson da Marcus Epps, su ma sun tafi, haka Javon Hargrave daga layin gaba. Kocin tsaro Jonathan Gannon ya zama babban kocin Arizona. Nakobe Dean da aka yi niyyar ɗora wa ragamar tsakiya ya ji ciwo a ƙafa, wasa biyar kawai ya buga. A 2022 sun kayar da mai jefa ƙwallo kafin ya jefa har sau 70, a 2023 abin ya sauko zuwa 43. Idan mai jefawa yana da lokacin tsayawa ya duba, babu layinbakan da zai iya rufe tsakiya har abada. Ana cikin haka, a tsakiyar Disamba, aka karɓe kiran dabarun tsaro daga hannun Sean Desai, wanda ya gaji Gannon, aka ba wani koci, Matt Patricia. Ɗan tsaro ɗaya ne kawai ake yarda ya sa hular da ke da na'urar jin muryar koci, an liƙa mata koren ɗigo a baya, kuma yawanci layinbaka ne. Ana yanke muryar idan saura daƙiƙa 15 a agogon karo. Shi zai ji, ya faɗa wa sauran goma, ya gyara musu tsayuwa. Ka yi tunanin an sauya maka mai magana a kunne saura wasanni huɗu a gama kaka. Kuma wasan farko bayan sauyin, wanda Seattle ta ci da 20 da 17, Drew Lock, mai jefa ƙwallon Seattle, ya tafi da ƙungiyarsa yadi 92 a mintunan ƙarshe ta hanyar jefawa gefen fili, inda babu ruwan layinbaka.

Na haɗa duk wannan na kai wa maigidana, ina jiran ya ce na gane karatu. Ya karanta har ƙarshe. Sai ya ce, “Duk gaskiya ne. Yanzu buɗe mini na Samuel.”

Muka kalla tare. A wannan karon babu wanda ya bar kafarsa, babu ruɗanin kira. Layinbakan yana inda ya kamata, ya isa kan lokaci, ya sa hannu biyu, aka fizge. Dattijon ya ce wannan nasa ne, in rubuta masa. Ya ce idan na wanke mutum daga laifin da yake nasa, na cuci wanda za a ɗora wa a madadinsa, kamar yadda na cuci wancan a ranar farko. Na ji nauyin maganar, domin a raina na ɗauka tausayi nake yi.

Ragowar kakar ta tabbatar da ɓangarorin biyu. An ɗauko Shaquille Leonard kwana ɗaya bayan wasan San Francisco, mutumin da a shekarunsa na farko a Indianapolis yana cikin waɗanda suka fi kowa a wannan matsayi, amma tiyatar baya ta rage masa gudu, kuma zuwansa bai sauya komai ba. Ranar 31 ga Disamba, Arizona ta Gannon ta zo ta ci 35 da 31, ta yi gudun fiye da yadi 200 da ƙwallo. Ranar 15 ga Janairun 2024 Tampa Bay ta fitar da su da 32 da 9, a wasan da hannuwa suka yi ta zamewa daga jikin masu gudu, gaba da tsakiya da baya. Akwai kuma abin da ya girmi kakar: tun Jerry Robinson a 1979 ƙungiyar ba ta sake zaɓen irin wannan layinbaka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa ba, sai a 2025 da ta ɗauki Jihaad Campbell. Shugabanninta sun daɗe da yanke shawarar zuba kuɗi a layin gaba su yi tsimi a tsakiya. A ganina wannan shawara tana tafiya lafiya ne muddin layin gaba na cin wuta, ran da ya yi sanyi kuwa, mutanen da aka ɗauko da araha su ake bari a rana.

Kuskurena na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. A Maris na 2024 Eagles suka ɗauki Zack Baun daga New Orleans a kwantiragin shekara ɗaya. Shekara huɗu ya yi a can, yawanci a gefen layi ko cikin rukunin da ke fitowa lokacin bugun ƙwallo da ƙafa. Aka ce in duba shi. Na duba adadin karon da ya buga, na kalli inda aka saba tsayar da shi, na rubuta layi biyu cewa ɗan cike gurbi ne. Sabon kocin tsaro, Vic Fangio, ya kalli bidiyon mutumin nan guda, ya lura da 'yan karon da ya tsaya a bayan layi, ya mayar da shi tsakiya. Baun ya gama kakar da kamu 151, aka zaɓe shi cikin gwanayen shekara na sahun farko, tsaron Eagles kuma ya zama wanda aka fi kasa ci wa yadi a duk gasar. Ba shi kaɗai ba ne, don Dean ya warke, Jalen Carter na cinye mutum biyu a gaba, ga sababbin yara Quinyon Mitchell da Cooper DeJean a baya. Amma waɗannan karon da Fangio ya gani suna cikin bidiyon da ke kan kwamfutata. Na koyi tambayar me aka sa mutum ya yi, ban kai ga tambayar me zai iya ba da an sa shi wani abu dabam.

Ranar 9 ga Fabrairun 2025 aka buga Super Bowl a New Orleans, garin da Baun ya baro, Eagles suka ci Kansas City da 40 da 22. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci Patrick Mahomes, mai jefa ƙwallon Kansas City, ya jefa ƙwallo tsakiya, Baun ya yi tsalle ya miƙe a iska ya cafke ta. Washegari a ofis ni aka ba wannan wasan. Na tsayar da bidiyon kafin a ɗaga ƙwallo, na rubuta aikin kowa, sannan na sake shi a hankali. A gefen hagu na layin Kansas City, Josh Sweat na Eagles ya tura mai tare hanya Joe Thuney da baya har ya bangaji Mahomes daidai lokacin da yake sakin ƙwallon, shi ya sa ta karkace. Na rubuta 53, lambar Baun, na rubuta 19 ta Sweat a gefenta, na miƙa wa maigidana takardar. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce in buɗe karo na gaba.