Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a hanyar Tula

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi mun dawo Gombe, kowa ya kwana a ɗakinsa. A madadin 'yan uwa mahaya keke da muka yi tafiya tare zuwa Tula, garin kan dutse da ke ƙaramar hukumar Kaltungo, ina miƙa godiya ga bayin Allah da yawancinsu ko sunansu ba mu samu sukunin tambaya ba.

Daga Gombe zuwa Kumo babu abin faɗa sai tirelolin hanyar Yola, waɗanda iskarsu kaɗai kan ture mutum gefen kwalta. A Kumo muka sha fama da tayoyi. Baba mai faci ya ajiye aikin da ke gabansa ya yi mana namu, ya kuma ƙi karɓar ko sisi, wai sai ya ga mun dawo da ƙafafunmu. Baba, mun biyo a dawowa ba mu same ka ba, kuɗin yana wurin mai shayin da ke kusa da kai.

Da muka wuce Billiri duwatsun ƙasar Tangale suka fito sosai, hanya ta koma hawa da gangara. Mun shiga Kaltungo bayan magariba, jiki duk ƙura. Limamin wata unguwa ya sa aka buɗe mana zaure, wasu iyayenmu mata da suka taso daga coci suka gan mu a zube, suka koma gida suka aiko da tuwo da ruwan wanka. Allah Ya saka muku da alheri.

Hawan Tula shi ne ya raba mu gida biyu. Masu keken giya suka sauke sarƙa zuwa giya mai sauƙi suna ta murzawa a hankali. Masu tsohon Raleigh da Phoenix kuwa, da ba su da giya ko ɗaya, sai sauka da turawa. Hanyar ba ta miƙe ba, kwana ce bayan kwana, kana ganin kamar ka kai ƙarshe sai wani hawan ya ɓullo. Cinyoyi suka ɗaure wa wasu, ruwan gishiri da sukari ne ya cece su. A nan nake son yaba wa samarinmu na gaba. Da sun so, da tun hantsi suna can sama suna ɗaukar hoto a tsohon gidan yarin Turawa. Sai suka jingine kekunansu suka gangaro a ƙafa, suka karɓi na dattawa suna turawa. Ni a wurina su ne gwanayen tafiyar nan, duk da cewa su ne suka isa a ƙarshe.

Abin da ya fi hawan haɗari shi ne saukowa. In mutum ya danne birki bai saki ba a doguwar gangara, robar kan cinye, bakin wili ya yi zafi, birkin ya daina kamawa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Haka ta faru da wani ƙanenmu a wata kwana mai tsakuwa. Hular kwano ta tsare masa kai, amma ƙashin kafaɗarsa ya goce. Ga shi wurin babu sabis na waya.

Wani direban akori-kura ɗauke da buhunan hatsi ya tsaya ba tare da mun tsayar da shi ba. Shi da yaransa suka sauke buhuna a bakin hanya, suka shimfiɗa tabarma, suka kai yaron asibiti a Kaltungo, wani manomi kuma ya zauna gadin kayan har suka dawo. Malam, asarar lokacinka ba za mu iya biya ba, Allah Ya tsare ka da motarka. Ma'aikatan jinyar da suka karɓe shi kafin a yi maganar kati, ku ma mun gode.

Iyayenmu da matanmu da suka ce wannan tafiya neman magana ce, suka kuma bi mu da addu'a da soyayyar gyaɗa, ku yafe mana tashin hankalin sa'o'in da wayoyinmu ba sa shiga.

Mara lafiyan yana gida yana samun sauƙi, masu son dubiya su bari sai bayan la'asar. Kekensa yana Kaltungo a ajiye, wilin gaba ya lanƙwashe. Duk wanda zai taso daga can da mota mai fili ya yi mana magana.