Jan kaya da tsohuwar a-kori-kura a hanyoyin Gombe

Duk wanda ya zo neman a ja masa kaya, tambayarsa ɗaya ce: "Za ta iya ja?" Amsar kuwa kusan kullum e ce. Tsohuwar Hilux mai shan gas, wato dizal, ko mai injin 3L ce na lita 2.8 ko 5L na lita 3.0, in ka sa mata giya ta ɗaya a shimfiɗaɗɗen wuri za ta motsa abin da ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. A nan haɗarin yake. Ko jaki, in kaya ya fi ƙarfinsa durƙushewa yake yi har a rage masa, amma wannan injin ba ya durƙushewa. Zai yi ta gurnani yana tafiya har ruwa ya tafasa a cikinsa, kan injin ya tsage. Tun da motar ba za ta ƙi da kanta ba, direba ne zai ƙi a madadinta, kuma wannan ne abu mafi wuya da na koya a sana'ar nan.

A gareji na tashi a cikin garin Gombe, hannun wani dattijon bakanike wanda ba ya taɓa komai sai injin gas. Daga baya na koma tuƙi. Ina ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Tudun Hatsi, da siminti, da taki idan damina ta kawo kai. Ina kuma jan 'yar tirela mai ɗaukar injin niƙa ko tankin ruwa, wani lokaci kuma a kira ni in jawo motar da ta mutu a hanya. Abin da na lura da shi a duk waɗannan ayyuka shi ne, zafi ke kashe mota. Nauyi ba ya karya ta nan take, zafi yake komawa, a birki, a lagireto, a kuloci, a taya.

Na birki ya fi ba ni tsoro, don shi ke cin rai. Garin Gombe a kwari yake, wanda ya fito daga hanyar Bauchi gangarowa yake yi zuwa cikin jama'a, ga 'yan acaba, ga masu talla, ga yara 'yan makaranta. Birki ba wani sihiri yake yi ba, gudun mota yake mayarwa zafi ta hanyar gogayya. In ka ninka nauyi, zafin ya ninku. In ka ninka gudu, daga kilomita 40 zuwa 80 a sa'a, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Wanda ya ɗora ƙafarsa kan birki tun daga saman gangara yana tafe yana lallaɓawa, kafin ya kai rabi takalman birkin sun ƙone sun yi santsi. Man birki kuma yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa sai ya haura digiri 205, amma wanda ya tsufa ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa kumfa ta cika bututu, ka taka ƙafarka ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Saboda haka nake canza man birki duk shekara biyu, ko da idona bai ga wani aibu a jikinsa ba.

Maigidana ba da baki ya koya mini wannan ba. Wata rana mun gangaro da kaya, sai ya tsaya a gefen hanya ya ce, "Sauko, yaro, kawo hannunka kusa da ƙarfen tayar nan, amma kar ka taɓa." Na kai hannu, na ji ɗumi kaɗan. Can sai ga wata a-kori-kura ta tsaya bayanmu shaƙe da buhuna. Tun kafin mu ƙarasa wurinta warin ƙuna ya tare mu, hayaƙi siriri na fita ta tsakanin tayar gaba, direban yana neman ruwa zai watsa. Maigida ya riƙe hannunsa ya ce, "Haba ɗana, kar ka zuba, ƙarfen zai lanƙwashe. Zauna ya huce da kansa." Sannan ya juyo gare ni: "Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko." Tun daga sama ake sa ƙaramar giya, kafin mota ta ɗauki gudu. Birki kuma a taka da ƙarfi a rage gudu, a saki ya sha iska, a sake takawa. Masu kashe inji ko su zare giya a gangara don tsimin mai, da rayukan mutane suke ciniki.

Akwai wani abu a waɗannan tsofaffin injinan da direbobi da yawa ba su sani ba. Motar fetur daga jikin injin take samun zuƙar iskar da ke sauƙaƙa taka birki. Injin gas ba shi da wannan, sai aka yi masa ɗan famfo na musamman, kuma a irin su 3L da 5L a bayan altaneta yake manne. Ma'ana, ranar da fambel ya tsinke, caji ya tsaya, famfon ruwa ya tsaya, birki ma bayan taku biyu ko uku zai yi tauri, sai ka miƙe a kansa da dukkan ƙarfinka. Ban taɓa fita da kaya ba tare da na danna fambel da yatsa ba, kuma akwai sabo ajiye a bayan kujera.

Wannan dalilin ne ya sa ba na jawo matacciyar mota da igiya ko sarƙa a kan babbar hanya. Injinta a kashe yake, birkinta ya yi tauri, sitiyarinta ya yi nauyi. Na gaba na taka birki, na baya ya afka masa. Ƙarfen ja nake sawa, sandararre, mai kama motocin biyu ta jikin shasi, kuma ba ma wuce kilomita 30 zuwa 40 a sa'a. In motar mai canza giya da kanta ce, sai an kwance farfela, wato sandar ƙarfen da ke haɗa giya da tayoyin baya, kafin a ja ta tafiya mai nisa, domin man giyarta ba ya zagayawa sai inji na aiki. Wadda ta fi ƙarfina kuwa, ce wa mai ita nake yi ya nemi janwe.

Lissafin nauyi ba shi da wuya, son zuciya ne ke rikita shi. Galibin irin waɗannan motoci abin da aka ƙera su su ɗauka bai wuce kusan tan ɗaya ba, har da direba da yaron mota. Buhun masara goma masu kilo 100 sun cika tan. Siminti buhu 20 ya cika tan. Amma kullum muna ganin ana loda buhu 35 ko 40, sifirin ya miƙe ya kwanta, hancin mota na kallon sama. Wasu su je a ƙara musu ganyen sifirin su ce sun gyara. Sifirin ya ɗaga motar, gaskiya ne, amma bai ƙara wa birki girma ba, bai ƙara wa boris da aksul ƙarfi ba. Tirelar da ba ta da birkin kanta kuwa, littattafan masu ƙera motoci da yawa a kilo 750 suke tsayar da ita. Tankin ruwa mai lita 1,000 kaɗai tan ɗaya ne, ba a ma sa nauyin tirelar ba.

Yadda aka jera kayan ma yana da nasa hukunci. Kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin tirela ya kamata ya sauka a kan ƙugiyar da ke bayan mota, mai nauyi ya zauna ɗan gaba da tayoyin tirelar. In aka tura nauyi baya, da ka kai wani gudu tirela za ta fara wutsil-wutsil tana kaɗa bayan motar hagu da dama. A wannan lokaci taka birki da ƙarfi ko fizgar sitiyari ƙara ta'azzara abin yake yi. Ɗaga ƙafa ake yi daga totur, a riƙe sitiyari daidai, a bar gudu ya ragu. Tankin da ba a cika ba ya fi cikakke hatsari, ruwan yana tumbatsa gaba da baya yana tura ka a daidai lokacin da kake son tsayawa.

Sai zafin inji. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri 40 a Gombe, hawan tudu da kaya a hanyar Kaltungo jarrabawa ce ga kowane lagireto. Nan na saɓa da al'adar da ta yi kaka-gida a garejojinmu, ta cire tamostat, ɗan ƙarfen da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama, da zarar mota ta shigo ƙasar nan, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ban yarda ba. Injin da aka cire wa shi yana daɗewa bai ɗumama ba da safe, musamman a hunturu, ya yi ta shan mai yana cin jikinsa. In kuwa yana ɗaukar zafi a kan tudu, ciwon yana wani wuri: lagireto ya toshe da laka da tsatsa, ko fanka ta saki, ko murfin lagireto ya daina riƙe matsi. Wannan ɗan murfin da ake rainawa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120. Ruwan rijiya da ake ɗurawa kullum shi ke barin farin dutse a cikin bututu. In allurar zafi ta fara hawa, ina rage giya in bar injin ya juya da sauƙi maimakon in danne shi a babbar giya yana tari. In ta ƙi sauka, in tsaya, in sa weji, in bar shi yana aiki a tsaye ya huce. Ba a buɗe murfi da zafi, ba a kuma zuba ruwan sanyi a kan tafasasshen inji.

Tsohon injin gas buƙatunsa kaɗan ne, amma ba ya yafe su: iska mai tsabta, mai mai tsabta, baƙin mai a kan lokaci. Ƙurar hunturu a hanyar Dukku ko Bajoga tana iya toshe matatar iska cikin 'yan makonni, sai ka ga baƙin hayaƙi, ƙarfi ya ragu, wani ya ce a je a taɓa famfon da ke tura gas cikin inji. Kafin a taɓa famfo a duba matata. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi sun gaji. Fari kuma, in ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ko nozul ne ba ya fesa mai daidai, ko ruwa na shiga ta gasket. Baƙin mai duk kilomita 5,000 nake juyewa tare da filtarsa, in aiki ya yi yawa cikin ƙura ma ba na jira ya kai.

A ƙarƙashin filtar gas akwai ɗan makunni da ake warwarewa da hannu. Ina tara tsohuwar kwalba in buɗe shi, in danna famfon hannu da ke sama. Abin da ke fara fitowa ruwa ne mai launin shayi da ɗan baƙin gari a ciki, sannan mai ya biyo. Ka ɗaga kwalbar a rana za ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa, man yana sama, layi a tsakaninsu. Wannan ruwan, da ya wuce, cikin famfo da nozul zai je ya yi tsatsa. Gas shi ne man shafawar famfon kansa, shi ya sa wanda aka gauraya da kananzir yake cinye shi a hankali. Tun da farashin gas ya yi tsalle a 2022, daga wajen naira 300 zuwa sama da 700 a lita cikin 'yan watanni, gaurayayyen mai ya ƙaru a bakin hanya. Tsohon famfo yana ɗan jurewa. Sababbin injinan D-4D, masu fesa mai da matsin da ya haura 1,000 a ma'aunin bar, ba su da wannan haƙurin, kuma gyaransu sai da kwamfuta. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau nake riƙe da tsohuwa, wadda sifana da kunne suke isa a gano ciwonta a tsakiyar daji.

Bel ɗin taimin a kilomita 100,000 ake canza shi, kuma motar da aka saya 'yar Kwatano ba wanda ya san gaskiyar abin da ta yi, don haka ranar da ta zo hannu ake sa sabo. In ya tsinke fistin da bawul ne za su yi karo. A nan ba na sayen na araha. Haka taya: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako da shekarar da aka yi ta suke nunawa, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Taya mai kyan zane amma tsohuwa, ga ƙarancin iska, ga kaya, ga kwalta mai zafi, ita ce ke fashewa.

Tsadar man nan ita ce ke matsa wa masu kaya, ni ma na san haka, kuma ba na ganin laifin manomin da ke son ya kwashe amfaninsa a sawu ɗaya. Idan ya ce, "Malam direba, ƙara biyar mana, ai wancan ya ɗauki fiye da haka," sai in zagaya da shi bayan motar in nuna masa tazarar da ta rage tsakanin aksul da robar da ke samansa, wadda ba ta fi yatsu biyu ba. In ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, nan ta tsaya. Sawu na biyu kuɗin mai kawai za ka biya da ɗan abin da yaro zai ci." Wasu su yarda, wasu su kira wata motar. Wanda ya yarda, da asuba nake ce masa mu yi lodi, mu hau tudun kafin rana ta ɗaga.