Baƙin tabo a bayan gwiwa

Zagayen duba marasa lafiya na safe a asibiti lafiya lau, har da raha. Oga, babban likitanmu, ya zo da fara'arsa, Sista ma ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin mamaki.

Sai muka isa gadon wani mutum da muka duba shekaranjiya, mai zazzaɓi da ciwon kai da aka yi ta ɗura wa maganin maleriya a banza. Shi ne Oga ya sa ya naɗe wando, aka ga ɗan baƙin ɓawo a bayan gwiwarsa, kamar inda aka ɗana wa mutum wutar taba, gefensa ja, ga kaluluwa a matsematsi. Ya ce kaska ce ta cije shi a nan. A ranar aka fara ba shi doksisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Yau sakamakon jininsa ya fito, babu alamar riketsiya, ƙwayar cutar da ake ɗauka daga cizon kaska. Abokin aikina ya ɗaga takardar yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, tunda gwaji bai nuna ba, a tsayar da maganin ko?"

Oga bai ko kalli takardar ba. "Kwana nawa da fara ciwon aka ɗebi jinin?"

"Biyar."

"To me kake so ya nuna? Wannan gwajin garkuwar jiki yake nema, ita kuwa sai ta yi kwana 7 zuwa 10 kafin ta bayyana. A sake ɗiba bayan mako 2 zuwa 4. In ta ninka sau huɗu, ka samu tabbacinka. Ɓawon nan ma da auduga aka goga aka kai gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta, da ya fi jini faɗin gaskiya."

Abokina dai bai haƙura ba, ya ce a yi Weil-Felix, wani tsohon gwajin jini. Gwajin shekarar 1916! Oga ya ce ya duba ƙwayoyin daskarar da jini da suka yi ƙasa, da sinadaran hanta da suka hau, sannan ya taɓa goshin mutumin. Zazzaɓin ya sauka tun daren jiya.

 

Tun da na dawo abin yake cina. Ƙurajen wannan ciwon da ƙyar ake ganinsu a baƙar fata, ɓawon kuma ba ya zafi, mai shi ba zai ambata ba sai an nema. Ina ta tuno masu "maleriyar da ta ƙi jin magani" da suka wuce ta hannunmu. Gobe zan roƙi Sista ta nemo mini katunansu.