Abin da na tarar a ƙarƙashin salatif na tsohuwar Vespa

Vespar da mahaifinmu ya bar mana a Katsina irin tsohon yayi ce, mai wutar bolt 6 kuma ba ta da batir, domin maganeto, wato ɗan janareta da inji yake juyawa, shi ne yake ba wa fulogi da fitila da oda wuta kai tsaye. Ta daɗe tana mutuwa a tsakiyar tafiya, musamman idan ta faɗa rami, kuma an sauya mata fulogi da koyil ba tare da an ga wani sauyi ba. Da na zaro wayoyin daga cikin bodi sai na ga cewa wayar makunnin kashe inji ce take taɓa ƙarfe, alhali a wannan tsari da zarar ta taɓa bodi wutar fulogi ta ɗauke.

Abin da har yau yake ɓata mini rai shi ne yadda wani mai gyara ya yi wa mahaɗar da ke jikin wannan waya a baya. Ya liƙe ta da dalma, amma da ruwan asid irin na masu facin lagireto, sannan ya naɗe da baƙin salatif. Zafin bazara na Katsina ya narkar da gam ɗin salatif har ya warware, shi kuwa asid ya ci gaba da cin jan ƙarfen a ɓoye, ya mayar da shi kore, yana marmashewa a hannu. Wayar lantarki ba ta son kome sai dalma mai ƙaro a cikinta, wadda masu gyaran rediyo suke amfani da ita, mai kashi 60 na kuza da 40 na darma zalla, kuma tana narkewa a wajen digiri 190.

Na zaci yanke wurin da ya lalace zai wadatar, sai na tarar ɓarnar ta bi cikin robar wayar ta yi nisa. Duk inda na feɗe sai in ga silin ya yi baƙi, dalma kuma ta dunƙule a kai ta ƙi shiga, komai zafin ƙarfen narkarwa. Dole na yi ta yankewa har na isa inda jan ƙarfe yake ƙyalli, kuma a ƙarshe na sauya kusan dukan wayar da sabuwa daga Babbar Kasuwa, aikin da ya tilasta mini sauke tankin fetur. Wanda zai yi haka ya kai tankin nesa kafin ya kunna wani abu mai zafi.

Robar da ke tsukewa da zafi, mai kamar ɗan tiyo, wadda na rufe sabuwar mahaɗa da ita maimakon salatif, ita ce ta burge ni. Ana zura ta a waya kafin a haɗa, a ture ta nesa don kada zafin aikin ya tsuke ta tun lokaci bai yi ba, a bari mahaɗar ta huce, sannan a jawo ta ta zarce kowane gefe sosai. Ta gama-gari tana komawa rabin faɗinta, amma na fi son mai gam a ciki, wadda take komawa kashi ɗaya cikin uku, domin tana hana ƙurar hunturu da ruwan damina shiga. Wajen tsuke ta, iska mai zafi ta fi harshen wuta, wanda yake babbaka ta idan ya tsaya wuri guda.

Dalma kaɗan ta isa, domin idan ta yi yawa sai ta bi sili ta sandarar da waya, girgizar inji ta karya ta daidai inda taurin ya ƙare. Saboda haka ban sa mahaɗa ko ɗaya a wuyan babur ba, inda wayoyi suke lanƙwasawa. Tun daga nan na kai ta Daura na dawo ba ta yi ko tari ba, amma sauran mahaɗun da wannan asid ya taɓa, na fitilar baya da na oda, su ma sai na yanke su kafin damina ta sauka.