Mako na shida: adashen Inna a cikin Python

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Makona shida ke nan da fara littafin koyon Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, kuma na iso babin da ake gina shiri a kan abubuwa, inda kalmar class take fara shigowa. Daga Argungu nake rubutu. A waya nake yawancin aikin da Pydroid 3, manhajar rubuta Python, sai dare idan an kawo wuta in ari kwamfutar yayana.

Kwana huɗu ina kwafar misalan littafin, na mota da na kare. Suna gudu lafiya, amma da na rufe shafin sai kaina ya zama fanko. Ranar Juma'a ina zaune tsakar gida mata suna kawo zubi, don Innarmu ce uwar adashe a unguwarmu, mata 12 ne a hannunta. Na karɓi littafinta na duba. Kowace mace da shafinta, layukan kuma iri ɗaya: suna, abin da ta zuba, ranar kwasarta. A nan abin ya faɗo mini. Yadda aka tsara shafin, shi ne class. Shafin kowace mace da aka cike, shi ne abu guda. Shi kuwa self, kalmar da ake ta maimaitawa cikin class, da ya hana ni barci, ashe cewa kawai yake "mai wannan shafin".

Daren nan na rubuta nawa. Sai ga matsala: na saka zubin mace ta farko, naira 2,000, da na buɗe ta biyu sai na tarar da kuɗin a wajenta ita ma, haka har ta goma sha biyu. Na duba har ƙarfe ɗaya. Laifin shi ne na rubuta jerin zubi kai tsaye ƙarƙashin class, ba cikin __init__ ba, wato sashen da yake shirya wa kowane sabon abu kayansa. Duk abin da aka ajiye a can, na kowa ne, asusu ɗaya ake tarayya a kansa. Da na mayar da shi ciki na rubuta self.zubi = [] sai kowace ta samu nata. Don Allah ku gwada kuskuren nan da gangan, ku ga yadda yake da idonku. Littafin ya ambace shi a layi biyu ya wuce, alhali ya cancanci shafi guda.

Na ƙara samun natsuwa da na karanta cewa wannan salon na class ya fito ne daga harshen Simula na 1967, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a Norwe don kwaikwayon yadda abubuwan zahiri suke gudana. Tun asali daga rayuwar mutane aka ɗauko shi.

Babin gado, inda class ɗaya yake gadon abin da ke cikin wani, na taɓa shi sama-sama. Na sa uwar adashe ta gaji 'yar adashe, na ƙara mata aikin tattara kuɗi, ya yi.

Inda na tsaya yanzu: mata uku suna da hannu biyu, kwasa biyu suke yi. Da na tambayi Inna ta ce, "Ai ɗan nan, shafi biyu nake buɗe musu." Ni kuma ina ganin mace ɗaya ce, hannun ne ya kamata ya zama class na daban, ita ta riƙe jerinsu. Wanda ya wuce wannan babin, ya faɗa mini wanne zai fi sauƙin gyara idan mace ta janye hannu ɗaya a tsakiyar zagaye.