Keken da na jingine a Argungu ya biyo ni Melbon

Ranar da na tura hotona a zauren WhatsApp na gidanmu, hular kwano a ka, keke a hannu, Kawu ne ya fara tankawa: "Duk kuɗin jirgin nan da aka haɗa maka, keke ka tafi hawa?" Ban ga laifinsa ba. A Argungu keke na wanda bai samu ba ne. Da tsohon Phoenix ɗin Baba na yi sakandare, da shi nake ɗauko buhun shinkafa daga fadama, kuma ranar da na sayi Bajaj na jingine shi a zaure ban sake waiwayarsa ba.

Na sauka Ostireliya a Fabrairu. Wata huɗu, in ka cire gaisuwar wurin aiki, ba ni da abokin hira. Maƙwabci ya yi maka murmushi, ya shige, ya ja ƙofa. Ga wanda ya saba da majalisar bayan la'asar, wannan shirun ciwo ne. Wani abokin aiki ne ya ga na fara ramewa, ya ara mini kekensa na biyu, ya ce in same shi da abokan hawan kekensa a St Kilda, wata unguwar bakin teku a Melbon, ƙarfe shida saura kwata na safe.

Yuni ne, tsakiyar hunturunsu, duhu ƙirin, iskar teku tana yankan kunne kamar sanyin Janairu a bakin Matan Fada. Mutum kusan ashirin, kowa da jar fitila tana ƙyaftawa a bayan sirdi, kowa cikin matsattsun kaya. Ni dai kunya ba ta bar ni ba, wando na ɗora a kai, har yau haka nake fita. Hular kwano kuwa ba ado ba ce, tun 1990 doka ta wajabta ta a jihar Biktoriya, inda Melbon take, in ba ka sa ba tara ce.

Muka kama Beach Road, bibbiyu a jere, ta hannun hagu, muka ratsa Brighton da Sandringham mutane na barci, muka juyo daga hasumiyar agogo ta Black Rock. Kilomita kusan 30. Ni da nake taƙama da ƙafar ɗan fadama, na laɓe a can baya ina mamakin sauƙin abin. Ashe na gaba ne ke sara iska, na baya yana shan inuwa. Kowa yakan ja na ɗan lokaci, ya kaɗa gwiwar hannu, ya zame gefe, na bayansa ya karɓa. Sau uku ina fita ban taɓa karɓa ba, don ban sani ba. Sai wani dattijo mai furfura, wanda daga baya na ji likita ne, ya matso ya ce mini cikin raha, yau kai ma za ka ɗanɗana iska.

Nan na gane gayya ce. A gayya ba a raina mai ƙaramar kunyar noma, amma wanda ya zo cin fura kawai kowa na ganinsa. Na shiga gaba, minti biyu ban cika ba huhuna ya ɗauki wuta. Da na zame, na ji ana ta yi mini sannu daga baya. Tun zuwana ƙasar, ranar ce na fara jin an ƙirga da ni.

Akwai ladubban da ba a rubuta ba. Ba ka danna birki kwatsam, don tayar na bayanka tana taku ɗaya da taka. In ka ga rami, ka nuna da yatsa, saƙon ya bi layi har ƙarshe. Ranar da tayata ta sace kuwa, idona ya shiga neman mai faci a gindin bishiya. Babu. Duk ayarin ya tsaya, wata mata sa'ar Inna ta zaro sabon tif daga aljihun rigarta, kafin in gama ba da haƙuri ta ɗaura.

A hunturu rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi, don haka da alwalata nake fita. In mun dawo, su shiga shan kofi, ni in raɓa gefen ciyawa in yi asuba, dattijon nan yana riƙe mini keke. Takwas da rabi ina wurin aiki.

Yanzu na sayi nawa, na hannu, kuma ban gaya wa Kawu ya fi Bajaj ɗina tsada ba. A hunturu, bakwai na safe a nan goman dare ce a gida, sai in kira Inna ina haki. Ta ce, "Wai wanga keke, biyan ku ake yi?" Na ce a'a, Inna. Ta yi shiru, ta ce, "To, Allah shi kyauta. Ka dai ci abinci."