Salansar tsohuwar motar soja ba ta son a ɗaure ta tamau

Ina da ɗan gareji a gefen Fanteka a Kaduna, ni da yara biyar, kuma da salansa muke ci: walda, lanƙwasa bututu, dasa sabo, toshe wanda ya ɓule. Ƙananan motoci su ne kuɗin cefanen yau da gobe. Amma aikin da ya sa ake yi wa mutane kwatancen shagona shi ne na tsofaffin motocin soja da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda masu haƙar burtsatse da masu ɗibar yashi da itace suke rububi saboda duk ƙafafunsu huɗu suna ja.

Wadda ta fi zuwa hannuna ita ce Marsandi 1017 ta sojojin Jamus. Motar tan biyar ce, injinta OM352 mai tobo (wato fankar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa inji ƙarin iska), silinda shida a jere, lita 5.7, ƙarfinsa wajen doki 170. Idan sojan Jamus ya gama da mota, akwai kamfanin gwamnatinsu mai suna VEBEG da ke gwanjonta, daga nan dillalai su saya, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Kwatano ko Legas. Da yawansu sun haura shekara talatin, amma idan ka leƙa mitar tafiya sai ka ga ba su yi wani nisa ba, domin rabin rayuwarsu a barikin soja suka yi ta a tsaye. Injin lafiya lau. Salansa ce kan zo a cinye, saboda motar da ake tayarwa a kashe kafin ta yi zafi takan tara raɓa a cikin bututu, ga kuma gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara. Tsatsa ta ciki da ta waje su haɗu a tsakiya.

Salansar tana kwance ne a ƙarƙashin mota, kuma a titin Jamus babu laifi a hakan. Mu kuwa motar nan daji za ta shiga. Mai yashi zai tsoma ta cikin rafi, ruwa ya rufe bakin bututu. Mai itace zai bi ta kan kututture, tukunyar salansa ta lotse. Da rani hayaƙin da ke hurawa ƙasa yana tayar da ƙura ta turnuƙe direba, ita kuma ƙurar ta koma ta toshe matatar iska. Mafi muni busasshiyar ciyawa: ka tsayar da mota mai zafi a kanta, ka tafi salla, ka dawo ka tarar da wuta. Su ma masu burtsatse suna da nasu kukan, domin yaransu kan wuni a tsaye gefen mota inji yana aiki, suna shaƙar hayaƙi daidai fuskarsu. Shi ya sa kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa: a ɗaga masa salansa sama, ta tsaya a bayan kan mota.

A ido aiki ne na rabin yini. Ni ma haka na ɗauka a karon farko, kuma na biya kuɗin wannan zaton.

Wani Alhaji mai kamfanin haƙar rijiya ne ya kawo mini motar. Na yanke tsohon bututu, na haɗa sabo daga bakin tobo, na zagayo da shi, na miƙe shi sama, na kama shi da ƙarfe mai kauri a jikin bodi, na bi ko'ina da walda har ba ya ko girgiza. Na ji daɗin aikin, shi ma ya yaba, ya ce ko giwa ta ja ba za ta ɓalle ba. Ba a yi wata guda ba aka kira ni daga wani ƙauye cewa mota tana huci ta gefen inji, ƙarfinta ya ragu, hayaƙi yana shiga wa direba. Da na je na ɗaga kan motar sai na ga manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga silindoji ya kai shi tobo, ya tsage, noti biyu na bakin tobo sun karye. Waldata kuwa ko gezau. Ita ce ma ta yi ɓarnar, domin ta fi abin da ke riƙe da ita ƙarfi.

Na kwana biyu ina juya abin a raina kafin na gane. Shasin motar soja an yi shi ne ya murɗe. Idan ƙafar gaba ta hau tudu, ta baya ta faɗa rami, dogayen ƙarafan nan biyu suna murɗawa don tayoyi su zauna a ƙasa, bodi ya karkata gefe guda, kan mota ya karkata wani gefen. Shi kuma inji a kan roba yake zaune, yana rawa da kansa duk lokacin da aka taka totur. Sai kuma zafi. Ƙarfe yana miƙewa idan ya gasu: bututu mai tsawon mita biyu, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 400, yakan ƙara kusan santimita ɗaya, kuma hayaƙin da ke fitowa daga inji a kan hawa da kaya yana iya wuce digiri 600. Motsi iri uku ke nan, ni kuma na ɗaure su duka a bututu ɗaya, duk nauyin ya koma kan manifol, wanda zubin ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. Na sayi manifol na Kwatano da kuɗina, na sake aikin kyauta, na ba Alhajin haƙuri. Ya ce, "Malam, tunda ka zo da ƙafarka ba ka yi mini gardama ba, ai magana ta ƙare." Har yau shi ke turo mini mutane.

Tun daga ranar, abu na farko da nake nema kafin in taɓa irin wannan mota shi ne gaɓar bututu mai lanƙwasa, wadda aka saƙa da waya. Ita nake sawa kusa da inji, bayan bututun da ya sauko daga tobo, kuma wancan bututun a jikin inji ko giyabos nake tallafe shi domin su yi rawa tare. Duk abin da ya biyo bayan gaɓar a jikin shasi yake rataye, kan maɗauri mai roba, ba a bodi ba, ba kuma a kan mota ba. Kan 1017 kifa shi ake yi gaba idan za a duba inji. Na taɓa ganin wadda wani ya manna wa salansa a bayan kai, sai da aka sa zarto aka yanke kafin a iya canja bel. Muna ƙera wata 'yar tsani daga shasi ta miƙe sama, ita ke riƙe da tukunya da bututun, mu bar tazarar kamar yatsu huɗu tsakaninta da kai da kuma bodi.

Faɗin bututu ma akwai magana. Inji mai tobo ba ya son a shaƙe masa hanyar fita, saboda bambancin matsi tsakanin gaba da bayan tobo shi ke juya shi. Don haka ba na taɓa sa wanda ya kasa na asali faɗi, kuma tunda mun ƙara tsawo da kwana, nakan ƙara rabin inci. Ba na wuce haka sosai, domin masu sa inci biyar don ado nauyi kawai suke ƙara wa maɗauri. Kwana kuma sai mai faɗi. Injin lanƙwasa da yawancinmu ke da shi yana matse bututu a gwiwa, sai ka sayi inci uku da rabi ka ƙare da abin da bai kai uku ba. Gara in sayi gwiwa ƙerarriya, ko in yanka guntaye in jera su in yi walda, ko da zai ci mini yini.

Sai ruwan sama. Bututun da ke kallon sama mazurari ne. Idan mota ta kwana a waje a watan Agusta, ruwa zai gangara ya taru, wani lokaci har tobo, idan aka yi rashin sa'a har cikin silinda. Muna sa marfi mai lilo a baki, wanda hayaƙi ke ɗagawa ya koma ya rufe idan an kashe, ko mu karkatar da bakin ya kalli baya. Kuma a gwiwar da ta fi ƙasa nakan huda ɗan rami don abin da ya shiga ya tsiyaye. Bakin dole ya wuce rufin kai, ya yi nesa da inda inji ke zuƙar iska, amma kada ya yi tsayin da zai riƙa tsinko wayoyin wuta a cikin unguwa. Duk inda bututu ya ratsa kusa da tiyon birkin iska ko wayoyin batir, sai an sa faranti a tsakani, haka ma inda hannun karen mota zai kai idan zai hau, muna nannaɗe shi da raga.

Akwai abu ɗaya da nake rigima da masu mota a kansa. A bututun nan, kusa da inji, akwai wani faifai da iska ke rufewa idan direba ya taka wani maɓalli a ƙasa da ƙafarsa. Birkin inji ke nan: yana toshe hayaƙi, inji ya riƙe mota a gangara ba tare da an ƙona birkin ƙafa ba. Idan ya tsufa yakan maƙale, sai direba ya ce, "Oga, cire mana wannan abin kawai, shi ke cinye mata ƙarfi." Ba na cirewa. Nakan kwance shi, in kankare tsatsa da baƙin hayaƙi, in gyara silindar iskar, in mayar. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo, doguwar gangarar nan ta jihar Filato, da injin haƙa da bututan ƙarfe a bayansa ba zai nemi a cire ba. Wani ya yi fushi ya tafi da motarsa wani wuri, kuma ban bi shi ba.

Haka batun tukunya. Samarin direbobi suna son a bar bututu zalla domin a ji fiton tobo tun daga nesa. Gaskiya ne tobo yana rage ƙara da kansa, amma idan baki ya dawo dab da kunnen mutum, wanda zai yi awa takwas a hanya zai sauka kansa yana sarawa, a hankali kuma ji ya ragu. Ina sa tukunya mai miƙaƙƙen ciki, wadda hayaƙi ke wucewa ba tare da ya yi zagaye ba. Idan motar za ta ɗauki harawa ko auduga, sai an ƙara abin kama tartsatsi a baki.

Wasu kuma baƙin hayaƙi ne ke kawo su, suna zaton sabuwar salansa za ta wanke shi. Nakan gaya musu tun kafin su biya cewa salansa hanya ce kawai, abin da inji ya dafa shi take fitarwa. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa: matatar iska ta toshe, ko nozul ya lalace, ko an taɓa famfon mai. In tura su wurin mai gyaran famfo, su dawo daga baya. Na kan rasa cinikin ranar, amma ba na son a ce an kashe kuɗi a shagona ba a ga canji ba.

Kayan aiki su ne ciwon kai. Baƙin bututu mai kaurin milimita biyu nake saya, kuma na hana yarana taɓa bututun famfo mai farin shafe, duk arharsa, domin idan wutar walda ta ci shafen nan yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da dare. Kafin a kunna injin walda sai an cire kan batir, biyu ne a jere, bolt 24. Ga wutar lantarki da ba ta zama, janareto yana shan abin da ya kamata ya zama riba. Kuɗin aikin yakan canja da farashin ƙarfe, shi ya sa ba na yanke magana sai na je kasuwa na dawo.

Idan mun gama ba na ba da makulli a bakin shago. Akwai wani tudun ƙasa a bayan gareji, nakan sa direba ya hau shi da ƙafar gaba ɗaya har shasi ya murɗe, in zagaya in duba ko bututu ya taɓa wani abu, sannan ya juyo ya hau da ɗaya ƙafar. Sai mu kifa kai mu mayar, mu bar inji ya yi zafi, in bi kowace gaɓa ina neman alamar baƙi. Daga nan in ce masa ya dawo bayan mako guda a sake ɗaure notin bakin tobo da na maɗaurai, domin sukan saki bayan sun sha zafi sun huce sau da yawa. Wanda ya yi nisa da Kaduna nakan nuna wa karen motarsa notin ɗaya bayan ɗaya, in sa musu alama da fenti ja, in ba shi sifanar da ta dace da su.